Lambar NLR ta Baba ta kai 6 kafin tiyatar maƙogwaro: a fasa ko a ci gaba?

"Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu ɗan shekara 63 ne, an tabbatar yana da ciwon daji na maƙogwaro, kuma sun ce ya yi nisa. Mako biyu da suka wuce numfashi ya gagare shi, aka huda masa wuya aka sa roba. Yanzu an sa ranar da za a cire masa maƙogwaron gaba ɗaya tare da kaluluwar wuya. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya, sai na ɗauki takardar gwajin jininsa na duba: nutrofil 7.2, limfosait 1.2, faletilet 420, albumin 31. Na karanta a intanet cewa idan aka raba nutrofil da limfosait aka samu sama da 3 ko 4, mara lafiya ba ya daɗewa bayan tiyata. Tasa 6 ce. Tun ranar ban yi barcin kirki ba, kuma ban gaya wa kowa a gida ba. Shin tiyatar nan tana da amfani kuwa, ko wahalar da shi kawai za mu yi? Akwai maganin da zai sauke lambar kafin a shiga da shi? Yayana gona ya sayar saboda aikin nan."

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce, ku kuma ya ba ku ladan jinya.

Abin da na fahimta kike son sani shi ne ko lambar nan ta riga ta yanke hukunci a kan Baba, har ya zama kuɗin gonar da wahalar tiyata asara ne, sannan ko akwai hanyar sauke ta. Lissafinki daidai ne, 7.2 a raba da 1.2 zai ba da 6, kuma 6 ta hau, domin a jinin mai lafiya yawanci tsakanin 1 da 3 take zama. Abin da kika karanta ma ba ƙarya ba ne. Amma ba a fasa tiyatar daji saboda wannan lamba, ba a nan ba, ba a ƙasashen da aka yi binciken ba. Kuma daga ɗan bayanin da kika yi, na hango dalilan da za su iya ɗaga ta waɗanda ba ruwansu da girman dajin. Ban ga Baba ba, ban ga hoton wuyansa ba, saboda haka likitan da ke riƙe da shi ne mai magana ta ƙarshe. Abin da zan iya shi ne in nuna miki yadda muke karanta irin wannan takarda.

Inda lambar ta samo asali

NLR, wato lambar nan da ake samu idan aka raba nutrofil da limfosait, ba wani gwaji na musamman ba ne. Daga gwajin ƙirga ƙwayoyin jini na yau da kullum, wato FBC, ake cire ta. Nutrofil su ne fararen ƙwayoyin jini da ke fara isa duk inda aka samu rauni ko ƙwayar cuta. Limfosait kuwa, musamman irin waɗanda ake kira T, su ne ke iya gane ƙwayar jikin da ta lalace ta koma daji su kashe ta. Daji yana fitar da sinadarai irin su IL-6 da G-CSF waɗanda ke sa ɓargo ya riƙa zubo nutrofil da yawa cikin jini. Waɗannan nutrofil ɗin, maimakon su yaƙi dajin, sau da yawa taimakonsa suke yi: suna fitar da abin da ke tsiro masa da sababbin jijiyoyin jini, suna narka naman da ke kewaye da shi ya samu hanyar yaɗuwa, kuma suna danne aikin limfosait. To idan na sama ya ƙaru, na ƙasa ya ragu, lambar sai ta hau. IL-6 ɗin nan dai shi ke sa hanta ta ƙara sarrafa furotin da ake kira CRP, ta rage sarrafa albumin, babban furotin na cikin jini, faletilet kuma, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, su yawaita. Shi ya sa takardar Baba ta zo a haka: nutrofil a sama, faletilet 420 a bakin iyaka, albumin a ƙasa. Duk labari ɗaya suke bayarwa, cewa jiki yana cikin kumburi na cikin jini, wanda ba a gani da ido.

Tunanin ba sabo ba ne. Tun 1863 likitan Jamus Rudolf Virchow ya ga fararen ƙwayoyin jini cikin naman daji, ya danganta shi da kumburi. A 1986 Harold Dvorak a Amurka ya kwatanta daji da miki wanda ya ƙi warkewa, domin duk hanyoyin da jiki ke bi ya gyara rauni, daji yana kunna su ya bar su a kunne. Ita kanta NLR, wani likitan ɗakin kulawa ta musamman a Sulobakiya, Roman Zahorec, ya gabatar da ita a 2001, kuma abin da ya so auna shi ne tsananin galabaitar jiki bayan babbar tiyata ko shigar ƙwayar cuta cikin jini. Ki riƙe wannan, don zan dawo kansa: asalin lambar ma'aunin wahalar jiki ce, ko mene ne ya kawo wahalar.

Abin da bincike ya nuna

A 2014 Templeton da abokan aikinsa suka tattara bincike 100 da aka yi a kan masu daji iri-iri, mutum sama da 40,000. Suka ga waɗanda NLR ɗinsu ta wuce iyakar da aka sa, wadda a tsaka-tsaki 4 ce, haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran sau 1.81 a tsawon lokacin da aka bi su. Daga baya an yi irin wannan nazari a kan dajin kai da wuya kaɗai, wato na baki da harshe da maƙoshi da maƙogwaro, sakamakon kuma ya fuskanci wuri ɗaya: a dunƙule, masu lamba babba kafin tiyata dajinsu ya fi saurin dawowa, kuma ba su kai sauran daɗewa ba. Haka aka gani da PLR, wato faletilet a raba da limfosait, da wasu lissafe-lissafen da ake haɗa ƙwayoyin uku.

To amma me 1.81 ke nufi? Magana ce a kan taro, ba a kan mutum ɗaya ba. Ba ta ce kashi 81 cikin 100 za su mutu ba, ba ta kuma ce wane zai mutu ba. A cikin masu babbar lamba akwai da yawa da suka warke sarai, a cikin masu ƙaramar lamba akwai waɗanda dajin ya dawo musu cikin shekara. An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma wannan lamba ba ta kai matsayin Laraba ba.

Sannan binciken kansa yana da rauni da ya kamata ɗaliba irinki ta sani. Kusan duka waiwaye ne: a buɗe tsofaffin fayiloli, a kwashi sakamakon jini, a duba wa ya rayu wa ya rasu. A irin wannan aiki mai bincike yakan gwada iyakoki daban-daban har ya samu wadda ta fi raba mutanensa gida biyu, sai ya buga ta. Shi ya sa wani zai ce 2, wani 2.5, wani 4, wani 5, kuma har yau ba a tsaya a kan guda ba. Binciken da bai ga wata alaƙa ba kuma bai cika samun shiga mujalla ba. Ga kuma matsalar cewa mai babban daji shi ne wanda ya fi ramewa, ya fi shan taba, ya fi samun ciwon ƙirji, duk kuwa suna ɗaga lambar. Raba tasirin wannan da na wancan a kan takarda ba ya taɓa fita tsaf. Saboda haka ne kundin AJCC bugu na 8, wanda da shi muke sa wa daji mataki tun 2018, ya shigar da sababbin abubuwa kamar zurfin da dajin baki ya nutsa da fashewar kaluluwa, amma bai shigar da NLR ba. A ganina sun yi daidai.

Abubuwan da ke ruɗa lambar, musamman a jinin mutanenmu

A nan ne nake son ki tsaya sosai, domin a nan amsar Baba take.

Kin ce an huda masa wuya mako biyu da suka wuce saboda numfashi ya toshe. A irin wannan hali kusan kowane likita zai ba da allurar dexamethasone don rage kumburin hanyar iska, wani lokaci a yi kwanaki ana yi. Wannan magani cikin 'yan sa'o'i yake ɗaga nutrofil ya kuma kwantar da limfosait. Mutum mai ƙoshin lafiya ma idan aka yi masa, NLR ɗinsa za ta iya ninkawa. Don haka tambaya ta farko: wace rana aka ɗebi jinin, kuma yana kan wannan allura a lokacin? Ki duba kwanan watan da ke kan takardar ki haɗa da takardar magungunansa. Idan sun zo tare, to wannan 6 ɗin ba ta da wata ma'ana game da dajin. Ki kuma bincika a gida ko yana shan wani haɗin kemis na ciwon jiki ko na ƙara cin abinci, don da yawansu da dexamethasone ko prednisolone a ciki, mai sha bai sani ba.

Na biyu, hudar wuyan ita kanta rauni ce, kuma robar tana tara majina. Mai dajin maƙogwaro kuma yakan ƙware, ruwa ko kunu ya bi ta hanyar iska ya sauka huhu, sai ciwon ƙirji ya kama shi a hankali ba tare da zazzaɓi mai zafi ba. Shi ma dajin idan ya girma, tsakiyarsa kan ruɓe ya tara ƙwayoyin cuta. Wannan warin da 'yan jinya kan ji daga bakin mara lafiya ke nan. Ruɓaɓɓen haƙori ma yana yi. Sigari na ɗaga nutrofil. Ciwon suga da ba a saita ba yana ɗaga lambar. Zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da limfosait da faletilet, tarin fuka da cuta mai karya garkuwar jiki suna rage limfosait, mai sikila kuwa dama fararen ƙwayoyinsa da faletilet a sama suke zama. Binciken da kika karanta yawanci sun cire duk masu irin waɗannan matsaloli kafin su yi lissafi. Mu kuwa a ɗakinmu, da wuya ki ga mara lafiyar da ba shi da ko ɗaya.

Akwai kuma wani abu da ya juya ta ɗaya gefen. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da wani furotin da ake kira Duffy a jikin jajayen ƙwayoyin jininsu. Halitta ce, tana ma ba da kariya daga nau'in zazzaɓin cizon sauro na vivax. Masu wannan halitta nutrofil ɗin da ke yawo a jininsu ya fi na Turawa ƙaranci, ba tare da wata illa ba. Wani nazari da aka buga a Amurka a 2014 a kan mutum sama da 9,000 ya samu matsakaiciyar NLR ta farar fata 2.24, ta baƙar fata 1.76. Iyakokin da ake yawo da su kuwa daga Turai da Sin da Japan da Koriya aka samo yawancinsu. Ma'ana, idan na ga 2.5 a takardar Bahaushe ba na sakin jiki in ce lafiya lau, idan kuma na ga 6, ina ɗaukar ta da muhimmanci. Ruwa ba ya tsami banza. Sai dai abin da take sa ni yi shi ne neman dalili, ba sallamar mara lafiya ba.

A aikace ga yadda nake yi. In saurari ƙirji, in sa a ɗauki hotonsa, in duba majinar da ke fita daga robar, in leƙa baki, a gwada zazzaɓin cizon sauro da suga da HIV. Idan an samu ciwon ƙirji a yi maganinsa. Sannan a sake FBC bayan an yi kwanaki da daina dexamethasone. Na sha ganin lambar da ta tayar da hankali ta sauko da kanta bayan an yi wannan. Na kuma ga wadda ta ƙi sauka, muka yi aikin duk da haka, domin babu wata hanyar kashe tushen kumburin da ta wuce cire dajin.

Lambar da ta fi damuna a takardar

Da ni kika miƙa wa takardar nan, kan albumin 31 idona zai fara tsayawa. Ƙasa da 35 ya yi ƙasa. Masana a Glasgow ta Sikotilan, ƙarƙashin Donald McMillan, sun haɗa ma'auni mai sauƙi da CRP da albumin: idan CRP bai wuce 10 ba, maki 0, idan ya wuce, maki 1, idan ya wuce kuma albumin ya gaza 35, maki 2. Wannan ma'auni ya fi NLR tsayuwa wuri ɗaya domin iyakokinsa ba sa canzawa daga bincike zuwa bincike. Ba ki ambaci CRP ba; idan da hali a yi, yana da amfani a san inda yake kafin tiyata, don a samu abin kwatantawa daga baya.

Dalilin damuwata da albumin na kusa ne, ba na shekaru biyar masu zuwa ba. Idan aka cire maƙogwaro, sai a ɗinke maƙoshi ya zama bututun da abinci zai bi. Idan ɗinkin bai kama ba, miyau ya riƙa tsiyaya ƙarƙashin fata har ya huda ta ya fito ta wuya. Wannan yoyon miyau shi ne babban abin da muke gudu a makonni biyun farko. Wani nazari na 2014 da ya tattara rahotanni da yawa ya samu kusan kashi 14 cikin 100 ga waɗanda ba a taɓa yi wa gashi (ƙona daji da hasken inji) ba, kusan kashi 28 ga waɗanda aka yi wa gashi kafin tiyata. Ƙarancin jini, ƙarancin albumin, rama da suga suna ƙara haɗarin. Yawanci yoyon yana rufewa da wankin ciwo da haƙuri, wani sai an ɗebo tsokar ƙirji an toshe. Amma yana tsawaita zaman asibiti, yana cin kuɗi, mafi muni kuma yana jinkirta gashin da ya kamata ya biyo baya.

A nan ne ku 'yan gida kuke da aiki na gaske. Ki auna nauyin Baba yau, ki tambayi nawa yake watanni shida da suka wuce, ko ki duba yadda rigunansa suka yi masa. Wanda ya zubar da sama da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa a wata shida yana cikin rama mai tsanani, kuma ƙa'ida ita ce a ba shi kwana 7 zuwa 14 ana ciyar da shi sosai kafin babbar tiyata. Yana buƙatar furotin kamar giram 1.2 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Koko tsararo da shayi ba za su kai shi ko'ina ba. Kunun gyaɗa mai kauri da madara, ƙwai, kindirmo, alale mai laushi, awara, kifi da aka niƙa cikin miya, garin waken suya a cikin kunu, kaɗan-kaɗan sau shida ko fiye a rana. Idan yana ƙwarewa ko haɗiya ta gagara, a yarda a sa masa robar hanci tun yanzu. Na san yadda mutanenmu ke kallon robar nan, wasu gani suke alamar an fid da rai ce. Ba haka ba ne. Bayan tiyatar ma da ita zai ci abinci na kwana bakwai zuwa goma kafin a bar shi ya haɗiya. Idan ya daɗe ba ya cin abin kirki, a fara a hankali ƙarƙashin kulawar likita, domin ɗura wa jikin da ya daɗe da yunwa abinci da yawa lokaci ɗaya na iya rikita gishirin jini. Kada kuma ku kashe kuɗi a kan ƙarin ruwan albumin don lambar ta yi kyau a takarda. Yana da tsada, ba abinci ba ne, kuma ba ya sa ɗinki ya kama. Ita ma lambar kada ki sa ran za ta tashi cikin mako ɗaya ko da yana ci sosai, albumin a hankali yake motsawa, kuma muddin kumburin na nan hanta ba za ta sake shi ba.

Maganin sauke lambar

Babu wani gwaji na ƙwarai da ya nuna cewa sauke NLR da magani yana ƙara wa mai dajin kai da wuya kwana. Lambar hayaƙi ce. Kore hayaƙi da mafici ba ya kashe wuta. Kada a ba shi asfirin ko ibuprofen ko diclofenac da sunan rage kumburi, za su iya sa shi zubar da jini a kan teburin tiyata, su kuma taɓa ƙoda. Kada a sayo masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da an ga ciwon da za a kashe ba. Jiƙe-jiƙe da haɗin "ƙara garkuwar jiki" a ajiye su, idan kuma yana shan wani a gaya wa likitan da zai sa shi barci, ba wanda zai yi muku faɗa. Idan yana shan sigari ko yana shaƙar taba, a daina yau, ko kwana nawa ya rage.

Kada kuma a ɗaga tiyata ana jiran lamba ta yi kyau. Mako ɗaya ko biyu don a yi maganin ƙirji a ciyar da shi, wannan ribar ƙafa ce. Amma jinkirin da ya kai wata biyu daga gano cutar zuwa fara magani, bincike a kan dubban marasa lafiya a Amurka ya nuna yana rage damar rayuwa. Dajin maƙogwaro ba ya jira.

Bayan an fito daga tiyata

Na san za ki ci gaba da leƙa fayil, don haka bari in riga ki. Washegarin aiki NLR za ta iya haura 10, har fiye. Wannan martanin jiki ne ga yanka, abin da Zahorec ya auna ke nan tun farko, ba ya nufin dajin ya yaɗu. CRP kuma zai yi ta hawa har rana ta biyu ko ta uku, sannan ya fara sauka. Abin da muke kallo shi ne alkiblar, ba lamba ɗaya ba. Idan rana ta huɗu ko ta biyar ta zo bai fara sauka ba, ko ya sauka ya sake hawa, sai mu nemi dalili: ɗinki ne ke yoyo, ƙirji ne, ko fitsari. Kuma sau da yawa ido da hannu suna riga gwaji. Zazzaɓi bayan kwana huɗu, fatar wuya ta yi ja ta kumbura tana sheƙi, wari, bugun zuciya ya ƙaru, ko ruwan da ke fita ta robar da aka sa a wurin yankan ya koma kamar miyau ko ya yi gurɓi-gurɓi. Ke da kike kwana kusa da shi za ki iya fara gani. Ki faɗa wa ma'aikaciyar jinya nan take, kada ki jira zagayen safe.

Idan an fara gashi, limfosait za su faɗi sosai, domin suna cikin ƙwayoyin da hasken ya fi saurin kashewa, kuma sukan yi watanni kafin su farfaɗo. A lokacin lissafa NLR ba zai ƙara miki komai ba sai fargaba.

Takardar da ya kamata ki jira

Abin da zai gaya mana makomar Baba fiye da duk gwajin jini shi ne sakamakon naman da aka cire. Ki nemi amsar waɗannan a cikinsa: an cire dajin da tazarar lafiyayyen nama kewaye da shi, wanda muke son ya kai milimita 5, ko ya taɓa bakin yanka? Kaluluwa nawa aka samu da daji a ciki? Ya fasa bawon kaluluwar ya fito waje? Ya bi jijiya? Ya ci guringuntsin maƙogwaro? Daga nan ake sanin ko gashi kaɗai za a yi, ko a haɗa da maganin daji na cisplatin. Manyan gwaje-gwaje biyu da aka buga a 2004, ɗaya a Turai ɗaya a Amurka, su ne tushen ƙa'idar da muke bi: wanda dajin ya taɓa bakin yanka ko ya fasa kaluluwa, shi ne ya fi amfana da haɗa biyun.

Kuma gashin yana da lokaci. Ana son a fara shi cikin mako shida da yin tiyata, a yi shi kwana biyar a mako na kusan mako shida ba tare da yankewa ba. A wurinmu, gaskiya, nan ne aka fi yin asara. An yi aiki mai kyau, ciwo ya warke, sai sakamakon nama ya yi makonni bai fito ba, sai a tarar da layi a wurin gashi, ko kuɗi ya ƙare domin duk an zuba su a tiyata. Injinan gashi kaɗan ne a ƙasar idan aka kwatanta da masu buƙata, kuma mai yiwuwa sai kun yi tafiya kun kama wurin zama a wani gari. Saboda haka tun kafin a shiga da Baba, ku nemi likitansa ya haɗa ku da sashen gashi a buɗe masa fayil, ku tambayi kuɗin, ku tambayi inda injin ke aiki a yanzu. Ki zaunar da yayanki ki gaya masa kada kuɗin gonar ya ƙare a kashi na farko, akwai na biyu. Ranar tiyata kuma a tabbatar naman ya isa ɗakin gwaji, a karɓi lambarsa, wani ya ɗauki nauyin bibiya har ya fito.

Game da ko aikin yana da amfani: idan hotuna sun nuna dajin bai tsallaka huhu ko wani wuri mai nisa ba, kuma likitansa ya ga zai ciru, to cire maƙogwaro tare da gashi magani ne da ake yi da niyyar warkarwa, ba na rage zafi kawai ba. Ku yi wa likitan wannan tambaya kai tsaye, a gaban Baba, ya kuma yi masa bayanin cewa zai rasa muryarsa ta asali, zai riƙa numfashi ta ƙofar wuya har abada, da hanyoyin da ake koyon magana bayan haka. Shi ne mai jikin, yardarsa ake nema. Bayan an gama komai, zuwa asibiti duk wata ɗaya zuwa uku a shekarar farko wajibi ne, domin yawancin dajin da zai dawo cikin shekara biyun farko yake dawowa, kuma a riƙa gwada masa sinadarin thyroid, wanda wata gaɓa da ke gaban wuya ke fitarwa, don tiyata da gashin wuya kan raunana shi.